Symphony of Enchanted Lands: albam ɗin Rhapsody na 1998

Symphony of Enchanted Lands shi ne albam na biyu na ƙungiyar Rhapsody, wasu makaɗa 'yan ƙasar Italiya daga garin Trieste, can bakin teku dab da iyakar Slobeniya. Ya fito a shekarar 1998 ta hannun kamfanin Limb Music na Jamus, waƙoƙi goma ne a cikinsa, tsawonsa kuma ya ɗan gaza awa guda. Salon kiɗan shi ake ce wa symphonic power metal, wato jitar lantarki da ganguna masu gudun tsiya, sai a ɗora musu goge irin na Turawa da sarewa da taron 'yan amshi masu muryar opera (wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa), sannan waƙoƙin duka labari ɗaya suke ja, na wani jarumi da ya fita neman takobin zumurrudu. Masu bin wannan salo suna lissafa shi cikin albam ɗin da suka kafa salon, kuma su ɗin dai su suka fi kowa yi masa dariya, ba tare da sun daina sauraronsa ba.

Waɗanda suka yi shi

Ƙungiyar ta fara ne a 1993 da sunan Thundercross kafin ta koma Rhapsody. Mutum biyu ne ginshiƙanta a lokacin, Luca Turilli mai jita, wanda shi ke rubuta baitoci da labarin gaba ɗaya, da Alex Staropoli mai piyanon lantarki, wanda shi ke tsara ɓangaren da ke kama da kiɗan okestira, wato babban taron makaɗan goge da ƙaho da sarewa. A wannan albam mai waƙa Fabio Lione ne, Alessandro Lotta na kan jitar bas, Daniele Carbonera na kan ganguna. An ɗauki aikin a situdiyon Gate da ke Wolfsburg a Jamus, garin nan na kamfanin Volkswagen, a hannun Sascha Paeth da abokin aikinsa Miro. Manuel Staropoli, ɗan'uwan Alex, shi ya busa sarewar.

Shi kansa power metal ba su suka ƙirƙiro shi ba, Jamusawa irin su Helloween na Hambug sun riga sun share hanya tun 1987 da 1988, gudu da amshi mai saurin kama baki duk daga can aka gado. Abin da 'yan Trieste suka ƙara shi ne tsohon kiɗan ƙasarsu na zamanin Vivaldi, shahararren mai tsara kiɗa na Italiya a zamanin da, da kuma irin kiɗan da ake sa wa manyan finafinan yaƙi na Amurka, shi ya sa ma su da bakinsu suka riƙa kiran abin nasu Hollywood metal.

Labarin da ke ciki

Albam ɗin kashi na biyu ne cikin jerin guda biyar da ake kira Emerald Sword Saga, wanda ya fara da Legendary Tales a 1997, ya bi ta Dawn of Victory a 2000 da Rain of a Thousand Flames a 2001, ya ƙare da Power of the Dragonflame a 2002. Jarumin ba shi da suna, Mayaƙin Ƙanƙara kawai ake ce masa, abokin gabarsa wani baƙin sarki ne Akron da ke son cinye birnin Algalord da ƙasashen da ke kewaye, ba kuma abin da zai iya da shi sai wannan takobi. To takobin yana bayan wasu ƙofofin hauren giwa, ƙofofin ba sa buɗuwa sai da mabuɗai uku na hikima, a wajen neman mabuɗan ne jarumin ya gwabza da wani dodo mai fukafukai Tharos, ya ci galaba a kansa amma bai kashe shi ba, daga nan suka zama aminai, shi ne ya taya shi har ya samo takobin a wata baƙar hasumiya, a ƙarshe kuma dodon ya mutu saboda raunin da ya ji. Wani tsohon boka mai suna Aresius shi ne mai ba da labarin. A cikin ɗan littafin da ke jikin faifan har taswirar ƙasar aka zana, da duwatsu da koguna da sunayen garuruwa, ƙasar da babu ita a duniya.

Iyakar labarin ke nan fa. Nagari fari tas, mugu baƙi ƙirin, ba wani mai zuciya biyu a wannan kashi.

Inda yake da ƙarfi

Na farko dai amshi. Albam ɗin yana buɗewa da Epicus Furor, ɗan gajeren abu ne na 'yan amshi da harshen Latin, minti ɗaya da 'yan kai, kafin ka gama daidaita zama ya faɗa kai tsaye cikin Emerald Sword, kuma wannan haɗin shi ne abin da aka fi sanin ƙungiyar da shi har yau. Amshin Emerald Sword irin wanda ji ɗaya ya isa ne, ko ba ka san me ake cewa ba sai ka tsinci bakinka yana binsa, dalili kuwa an gina shi ne don taro, muryoyi da yawa aka jera a kan juna, gangar ƙafa biyu tana bugawa ba numfashi a ƙasa, shi kuma karin waƙar yana tafiya a hankali a sama, wannan saɓanin na gudu a ƙasa da natsuwa a sama shi ke sa mutum ya ji kamar ana ɗaga shi. Wisdom of the Kings da Eternal Glory duk dabarar ɗaya ce.

Sai muryar Lione. Yana da faɗin murya, yana hawa sama ba tare da ta koma ihu ba, kuma yana da karkarwar nan ta mawaƙan opera na Italiya da ke sa kalma ɗaya ta yi nauyi. A Wings of Destiny, inda aka sauke ganguna aka bar shi da piyano, a nan ake gane gwanintarsa ba ta dogara da hayaniyar da ke bayansa ba.

Amma a ganina babban abin shi ne yadda aka saƙa kiɗan gargajiyar Turai cikin na lantarki. Ƙungiyoyi da yawa suna sa goge ne a farkon waƙa don ado, daga jita ta shigo shi ke nan an manta da shi, su kuwa waɗannan gogen da jitar magana suke yi da juna, wannan ya faɗa wancan ya amsa, wani lokaci su ruga tare nota da nota. The Dark Tower of Abyss ita ce shaida, a tsakiyarta sai ka rantse wani tsohon aikin Vivaldi aka tono aka sa masa wuta. Kuma a lura, a 1998 ba su da kuɗin ɗaukar cikakkiyar okestira, 'yan makaɗan goge ne kaɗan da 'yan amshi, saura duk Staropoli ne ya cike da na'urarsa, mai kunne zai gane wasu ƙahonnin na roba ne, duk da haka tsarin ya riƙe. Waƙar ƙarshe mai sunan albam ɗin ta haura minti 13, ta bi ta makoki, ta bi ta muryar mace mai waƙar opera, ta bi ta wani kiɗan rawa na ƙauye, kuma ba ta watse a hanya ba.

Inda gishiri ya yi yawa

Nan ne wajen dariyar. Baitocin cike suke da kalmomi irin su ɗaukaka, madawwami, mai tsarki, ƙarfe, nasara, ana juya su daga waƙa zuwa waƙa har ka kasa tuna wacce ce ta wacce. Turancin ma na Turilli ne, mutumin da da Italiyanci yake tunani, jimloli suna fitowa a karkace, Lione kuma ya furta su da harshensa na Italiya, Ingilishi da Amurkawa sun daɗe suna tsokanarsu a kan haka.

Sai mai ba da labari, wato mutumin da ke karanta shi a faifan, Jay Lansford, wanda ke shigowa tsakanin waƙoƙi. Wallahi wannan bawan Allah ya ɗauki abin da zafi, a farkon waƙar ƙarshe inda yake makokin dodo muryarsa har rawa take kamar ɗan'uwansa na jini ne ya rasu, alhali dodo ne na cikin taswirar da Turilli ya zana. Da yawa daga masoyan albam ɗin nan suke danna gaba. Ƙara da hoton bangon, mayaƙi a kan jan dodo yana ɗaga takobi, da hotunan 'yan ƙungiyar da dogon gashi da rigunan zamanin da, fuska a murtuke ba mai murmushi.

To sai dai abin da ya sa ake dariyar shi ne kuma ya sa kiɗan ke aiki, ba a raba su. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Lamido a Garwa ko Marwa ranar hawan sallah ya san wannan, dawakai sun sha ado har ba a ganin jikinsu, algaita da kakaki na tashi, maroƙi na kiran mutum giwa, yana kiransa zaki, yana cewa ƙasa na girgiza in ya taka, kowa a wajen ya san mutum ne kamar kowa amma tsigar jiki sai ta tashi, kuma da maroƙin zai yi ɗan murmushi ya nuna shi ma wasa yake da komai ya rushe. Rhapsody ba su yi murmushin ba ko sau ɗaya. Ƙungiyoyin da suka zo daga baya irin su Gloryhammer suna yin salon ne da gangan don ban dariya, suna ƙifta wa mai sauraro ido, abin na da daɗi amma ba ya ɗaga mutum haka.

A wajen mutanenmu

A arewacin Kamaru da Chadi wannan kiɗa ba na kasuwa ba ne, ba za ka ji shi a gidan biki ko a sifikar mai shago ba, wanda ya san shi galibi ta intanet ya ci karo da shi. Akwai abu ɗaya da ke sauƙaƙa mana, yawancinmu da Faransanci muka yi lakwal, saboda haka karkataccen Turancin da ke damun Ingilishi mu wucewa yake ta saman kai, abin da ke isowa kunne shi ne karin da amshin. Kukan mai ba da labari kam ba ya buƙatar tafinta. Akwai kuma zargin da ake wa duk wani kiɗan metal cewa na shaiɗan ne, a nan dai labarin na yaƙi da mugunta ne daga farko har ƙarshe, ko da yake akwai boka da tsafi da allolin ƙarya irin na tatsuniya a ciki, wanda hakan ke damunsa gara ya sani tun kafin ya kunna.

Bayan fitowarsa

A 2004 suka fitar da Symphony of Enchanted Lands II, wannan karon da cikakkiyar okestira daga ƙasar Cek, mai ba da labari kuma ya zama Christopher Lee, tsohon ɗan wasan fim na Ingila da ya fito a matsayin Saruman a fim ɗin The Lord of the Rings, muryarsa ta gyara matsalar da aka daɗe ana kuka da ita, ko da yake wasu na cewa waƙoƙin na 1998 sun fi kama baki. A 2006 rigimar mallakar suna ta sa suka koma Rhapsody of Fire. Turilli ya ware a 2011 ya kafa tasa ƙungiyar, Lione ya bar gidan a 2016, Staropoli ya ci gaba da riƙe sunan. A 2017 Turilli da Lione suka sake haɗuwa da wasu tsofaffin abokan aikinsu, ciki har da Faransawa biyu Patrice Guers da Dominique Leurquin, suka yi zagayen bankwana na cika shekara 20, albam ɗin da suka zaɓa su kaɗa a dandamali kuwa wannan na 1998 ne.