Waiwaye: Yadda Tudun Wada da Sabon Gari suka bazu a biranen Arewa

Duk wanda ya ce maka gidansa yana Tudun Wada, bai gama ba ka kwatance ba tukuna. A jihar Kaduna kaɗai akwai manya guda biyu: ta cikin garin Kaduna, inda babbar harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha da asibitin Yusuf Ɗantsoho suke, da kuma ta Zariya, wajen ganuwa ta Ƙofar Doka. Tsakaninsu tafiyar kilomita kusan 80 ce. Akwai wata a Jos, akwai a Gusau da Gombe. Kano kuwa biyu gare ta, ɗaya unguwa ce a ƙaramar hukumar Nasarawa, ɗaya kuma ƙaramar hukuma ce sukutum a kudancin jihar, wadda ake kira Tudun Wadan Ɗankadai.

Tushen wannan maimaici yana komawa ga zuwan jirgin ƙasa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya biyo ta Zariya, ya kuma jawo akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Turawan mulkin mallaka ba su so waɗannan baƙi su zauna cikin ganuwa ƙarƙashin sarki da alƙalinsa, sai suka yanka musu filaye kusa da tasha, aka kira wurin Sabon Gari. Na Kano ya kafu a 1913. Wani jami'i Bature ne ke kula da shi da farko, sai daga baya aka mayar da shi hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki. To amma akwai wani rukunin baƙin: 'yan Arewa, galibi Musulmi, waɗanda ba 'yan asalin birnin ba ne. Su ne aka ware wa Tudun Wada, suna mai ɗauke da fatan alheri, wato tudun da za a zauna cikin wadata. Birni, Tudun Wada, Sabon Gari, sai unguwar Turawa can gefe. A Zariya har gobe ana ganin wannan jeri a fili.

Kaduna ta ɗan sha bamban, domin ba ta da tsohon birni mai ganuwa. Gari ne da aka tsara, aka dawo da hedikwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917. Shi ya sa sunan Tudun Wada ya yi ƙarfi a nan, alhali Sabon Gari bai samu irin martabar da yake da ita a Kano da Zariya ba. Yau idan kwandasta ya ɗaga murya yana kiran "Sabo" a Kaduna, Sabon Tasha yake nufi, can kudu a ƙaramar hukumar Chikun. A Ibadan kuma lamarin juyewa ya yi: Sabo, wadda aka kafa a 1916, unguwar Hausawa ce, domin a can su ne baƙin.

Inda abin ya fi cutar da mutane shi ne wajen aika kaya da cike fam. Ana miƙa wa direba ƙunshi a tasha, an rubuta "Tudun Wada" da lambar waya ɗaya, wayar kuma ta mutu, kayan su kwana a wani gari. Taswirar waya ma takan zaɓi wadda ta fi kusa da mai nema. A fam ɗin banki ko na makaranta, mazaunin Tudun Wadar Kaduna zai rubuta Kaduna ta Kudu a gurbin ƙaramar hukuma, na Zariya ya rubuta Zariya. Ƙaramar hukumar Tudun Wada ta jihar Kano ce kawai. Haka Sabon Gari: na Zariya a jihar Kaduna ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta wadda ta haɗa har da Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello, amma na Kano yana ƙarƙashin Fagge ne. Ɗalibai da yawa na rubuta Zariya ga Samaru, kuma kuskure ne a takardar hukuma.

Adireshin da zai kai kaya gida sai ya ɗauki lambar gida da sunan layi, da wata sananniyar alama kamar masallacin Juma'a ko Kasuwar Barci, sannan unguwa, gari da jiha. A ƙara lambar waya ta biyu, a rubuta sunan garin da manyan baƙaƙe a jikin kwalin, a kuma karɓi lambar direban da ta motar kafin ta tashi.