Wuƙa mai tallafin sifirin: ina ta bambanta da mai buɗin hannu?

A cinikin wuƙar aljihu, irin wadda ruwanta ke naɗewa ya shige cikin mariƙi, za ka ji an ce wannan mai tallafin sifirin ce, waccan kuwa ta hannu ce. Mutane da yawa suna zaton mai tallafin ita ce wadda ake danna maɓalli ruwa ya fallo da kansa. Ba ita ba ce. Iri uku ne, kuma ta tsakiyar ce ke rikita jama'a.

Ta hannu, kai ne za ka kai ruwan tun daga rufe har ya miƙe. Mai maɓalli, ba ka ma taɓa ruwan: sifirin ɗinta a ɗane yake kullum, maɓalli ne kawai ke riƙe da shi, kana dannawa sai fat! Mai tallafi kuwa babu maɓalli a jikinta. Sai ka tura ruwan da yatsanka ya ɗan ɗago, ya wuce wani mizani, sannan sifirin ya karɓe ya ƙarasa. Kamar motar da batirinta ya mutu ce, sai an tura ta kafin inji ya kama.

Idan aka kwance irin ta kamfanin Kershaw, ba za a ga sifirin mai murɗe-murɗe ba. Wata siririyar waya ce ta ƙarfe mai ɗan lanƙwasa, kwance cikin wani gurbi a mariƙi, an shafe ta da giris. Kai ɗaya a maƙale yake jikin mariƙi, ɗaya kuma yana shiga gindin ruwa. Hikimar tana ga inda aka saƙala ta. Muddin wuƙar na rufe, wayar nan janyo ruwan take yi ciki, tana hana shi buɗewa. Da zarar ka tura ya tsallake mizanin, sai ƙarfinta ya juya, ta koma tunkuɗa shi waje. Waya ɗaya, aiki biyu. Wasu kamfanoni suna amfani da murɗaɗɗen sifirin, amma dabarar ɗaya ce.

To me ya sa aka sha duk wannan wahala, alhali mai maɓalli ta fi sauƙin ƙerawa da fahimta? Doka ce. A 1958 Amurka ta yi dokar tarayya da ta hana shigo da wuƙa mai maɓalli da safararta tsakanin jihohi, Birtaniya ma ta yi tata a 1959. Shekaru suka shuɗe, masu son wuƙa mai saurin buɗewa ba su daina so ba. A 1995 wani maƙerin wuƙaƙe ɗan Amurka, Blackie Collins, ya fito da samfurin wadda sifirin ke ƙarasa buɗinta, sannan a 1998 Kershaw ta fito da tsarin wani maƙerin, Ken Onion, mai suna SpeedSafe, wanda shi ne ya cika kasuwa. Hujjarsu a sarari take: doka maɓalli ta ambata, wannan kuwa ruwan kake turawa da hannunka.

An so a taka musu birki. A 2009 hukumar kwastan ta Amurka ta nemi ta sa masu tallafi cikin jerin masu maɓalli, maƙera da 'yan kasuwa suka yi ca, majalisa ta gyara dokar a shekarar ta 2009. Gyaran ya keɓe duk wuƙar da ke da abin da ke janyo ruwanta ya zauna a rufe, wadda sai mutum ya sa ƙarfin hannu a jikin ruwan kafin ta buɗe. Ka ga ke nan wancan aiki na farko na wayar, janyowa ciki, shi ne ya cece ta a gaban doka. Ba ko'ina aka yi wannan sassauci ba. Birtaniya ta faɗaɗa ma'anar haramtacciyar wuƙa a dokar 2019, har ta haɗa da wadda ke ƙarasa buɗewa da kanta bayan an ɗan buɗe ta. Jamus kuwa tun 2008 ta hana yawo cikin jama'a, ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, da wuƙar da ake buɗewa da hannu ɗaya kuma take kullewa, ko da sifirin ko babu. Matafiyi ya kiyaye.

Ta hannu ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta gargajiya mai ɗan tsagi a jikin ruwa inda ake sa farce a ja, irin su Opinel ta Faransa, da Victorinox ta Suwizalan, da Buck 110 da ta fito a 1964. Waɗannan hannu biyu suke so. Akwai mai ɗan ƙulli da ake turawa da babban yatsa, akwai mai rami zagayayye wanda kamfanin Spyderco ya fito da shi a 1981. Sai mai ɗan harshe a gindin ruwa, wanda ke leƙowa ta bayan mariƙi, a fizge shi da manuniya.

Wannan ta ƙarshen ce ta ɓata wa masu sifirin ciniki. A cikinta akwai wata 'yar ƙwallon ƙarfe, ba ta kai ƙwayar gero ba, tana zaune cikin ɗan rami a gindin ruwa. Kana danna harshen ƙwallon na turjewa, ƙarfi na taruwa a yatsanka, sai ta saki lokaci guda, ruwa ya tafi a guje. Idan aka sa boris a mahaɗar ruwa da mariƙi maimakon wosha, wanda ke kallo ba zai iya gane cewa babu sifirin a ciki ba. Saboda haka maganar cewa mai tallafi ta fi sauri ta tsufa. A shekarun 1990 gaskiya ce. Yau wuƙar hannu mai kyan ƙira ba ta bari a tsere mata.

Bambancin da ya rage yana wajen rufewa, kuma shi ne mai saye ba ya gwadawa. Duk ƙarfin da sifirin ya ba ka wajen buɗewa, sai ka biya shi wajen rufewa, domin kai ne za ka sake ɗana shi. Ka saki makullin da ke riƙe ruwa a buɗe da babban yatsa, ka tura ruwa, a rabin hanya sai ka ji yana yi maka gardama, ga kaifi na fuskantar inda yatsunka suke. Idan hannu na da maiƙo ko gumi, ruwan kan kufce ya koma a buɗe. Ta hannu kuwa salin-alin take komawa gidanta. Mai yanka igiya ko buɗe kwali sau hamsin a yini, rufewar ma hamsin ce.

Sai batun lalacewa. Wayar nan ƙarfe ce da ake lanƙwasawa kullum, wata rana za ta gaji ta karye. Inda kamfani ke kusa, sai a nemi sabuwa. Wanda ya sayi tasa a kasuwar da ke nesa da su, ina zai samo? Wasu sukan cire wayar da gangan don wuƙar ta koma ta hannu, amma a nan akwai tarko. A wasu samfurori ba a yi ramin 'yar ƙwallon ba sam, wayar ce kaɗai ke riƙe ruwa a rufe. Ka cire ta, ruwa ya riƙa lilo, ya buɗe a aljihu ba ka sani ba sai ka zura hannu.

Wajen ƙura kam, mai tallafi tana da abin faɗa. Boris ba ya shiri da yashi, 'yar ƙurar hunturu da zaren aljihu sun isa su sa shi gurzawa, sifirin kuwa yakan banke dattin ya wuce. Amma wadda ta fi su duka haƙuri ita ce ta hannu mai woshar tagulla, a busa mata iska, a ɗiga mai, shi ke nan. Haka kuma mai aiki da safar hannu, ko dattijon da yatsunsa suka yi rauni, tallafin yana yi masa rana ƙwarai.

Abin da nake ƙi game da mai tallafi shi ne yadda take rufa wa mugun aiki asiri. Daidaita 'yar ƙwallo da goge mahaɗa har wuƙar hannu ta buɗe sumul aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Sifirin mai ƙarfi kuwa ko mahaɗar ta karkace zai finciko ruwan, ya yi ƙarar nan mai daɗin ji, mai saye ya washe baki. Shi ya sa arhar wuƙaƙe marasa suna suka cika da shi. Idan za ka saya, kada ƙarar ta ruɗe ka. Buɗe ta, ka kama bayan ruwa ka girgiza hagu da dama ka ji ko yana motsi. Rufe ta a hankali da hannu ɗaya ka ga inda yatsunka ke faɗawa. Sannan ka juya ta a rufe ka kaɗa, ka duba ko tsini na leƙowa daga mariƙi.