Ɓallewar Yanki a Dokar Ƙasa da Ƙasa: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Dokar ƙasa da ƙasa ta haramta ɓallewa?

A'a, kuma ba ta ba kowa izini ba. A 2010 Kotun Duniya ta ce shelar 'yancin kai daga Sabiya da Kosobo ta yi a 2008 ba ta saɓa doka ba. Iyakar maganarta ke nan, kada a ƙara mata gishiri. Har yau Kosobo ba ta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Idan muka kafa tuta da kuɗinmu fa?

Somaliland ta ɓalle daga Somaliya tun 1991, tana da duka biyun, ita ma ba kujera. Biyafara ƙasashe biyar suka amince da ita, ba su hana ta faɗuwa a 1970 ba.

Idan ƙasa ta rabu, ni ɗan ina ne, kuma gidana fa?

Yauwa, wannan ce tambaya. Ya danganta, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya tak, yi hattara da shi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce mutum ya bi ƙasar da yake zaune, kuma kada a bar kowa ba ƙasa. Amma mai yanke hukunci ita ce dokar da kowace gwamnati ta rubuta. Da Sudan ta Kudu ta samu 'yanci ranar 9 ga Yulin 2011, Khartoum ta gyara dokarta: wanda ya cancanci zama ɗan Kudu ya rasa zama ɗan Sudan, ko da a Omdurman aka yanke cibiyarsa. Sai a Satumban 2012 ƙasashen biyu suka sa hannu a Addis Ababa kan bai wa 'yan ƙasar juna 'yancin zama, zirga-zirga, sana'a da mallakar dukiya, aiwatarwa kuwa ta yi ta jan ƙafa. Gida, bisa ƙa'ida, naka ne, sauyin tuta ba ya soke mallaka. Sai dai wataƙila ka wayi gari baƙo a cikinsa, ana neman takardar izinin zama. Kwantar da hankalinka, amma adana takardar haihuwa da ta fili, ka nemi lauya tun da wuri.

Ai Sudan ta Kudu ta yi, me zai hana wasu?

Haba! Sai da aka yi yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 tsakanin gwamnatin Sudan da 'yan tawayen Kudu, Khartoum ta yarda a yi ƙuri'ar raba gardama. Eritiriya ma a 1993 da yardar Habasha ta tafi.

Tarayyar Afirka za ta goya baya?

Da wuya. Tun 1964 a Alƙahira shugabannin Afirka suka amince a bar iyakoki yadda aka gaje su.