Wa ke zaɓa a cikinmu? Tambayoyin ɗan ƙanena a zaure

Ɗan ƙanena da ke jami'a ya zo hutu ƙauyenmu a ƙasar Ringim. Bayan sallar isha'i ya same ni a zaure, ya miƙo mini waya, ya ce wasu masana na cewa babu wani "ni" a cikin mutum, zaɓi kuma ruɗi ne na ƙwaƙwalwa. Na ga abin ya hana shi sukuni. Dare uku muka yi muna tattaunawa, ga tambayoyinsa da abin da na amsa masa.

Baffa, da gaske ne kimiyya ta tabbatar mutum ba shi da zaɓi?

Ba ta tabbatar ba. Yawancin masu wannan magana suna jingina ne da gwajin wani masani a Amurka, Benjamin Libet, a shekarar 1983. Ya manna wa mutane wayoyi a fatar kai, ya ce kowa ya motsa hannu lokacin da ya ga dama, yana kallon agogo don ya faɗi sa'ad da ya ji niyyar ta zo masa. Sai aka ga ƙwaƙwalwa ta fara shiri kusan rabin daƙiƙa kafin motsin, shi kuwa mutumin bai ji niyyarsa ba sai ana saura kamar kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Daga nan wasu suka ce ashe ƙwaƙwalwa ke yanke hukunci, mu labari kawai ake ba mu.

Amma Libet da kansa ya ce a ɗan tsakanin nan mutum na iya fasawa. A 2012 kuma wani masanin ƙwaƙwalwa, Aaron Schurger, da abokan aikinsa suka nuna wannan "shirin" yana iya zama kai-komon da ƙwaƙwalwa ke yi kullum, ba hukunci ba. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne, motsa yatsa a ɗakin gwaji ba ɗaya yake da shawarar sayar da saniya ba. Wanda zai kai saniyarsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis mako guda yake yi yana juya maganar, ya tambayi matarsa, ya fasa, ya sake ɗaura niyya. Agogon Libet bai auna wannan ba.

To shi "ni" ɗin, a ina yake?

Nan kam maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Wani masanin falsafa ɗan Sikotilan, David Hume, ya rubuta a 1739 cewa duk sa'ad da ya leƙa cikin kansa ba ya iske komai sai zafi ko sanyi, so ko ƙi, daɗi ko ciwo, don haka ya kira mutum dami na ji da tunani. Mabiya Buddha sun riga shi faɗin makamancin haka da ƙarnuka masu yawa.

Na tashi na nuna wa yaron damin gero da ke jingine a bangon zauren. Ka kwance igiyar, me za ka gani? Zangarniya ce kawai, babu wani abu mai suna dami a tsakiya. Amma dami muke ƙirgawa, shi muke ɗauka a ka, da shi muke lissafin zakka. Dami ba ƙarya ba ne. Ƙaryar ita ce ya ɗauka shi ya ɗaure kansa.

Duba kanka. Sunanka raɗa maka aka yi kana ɗan kwana bakwai. Hausar da kake tunani da ita a bakin mahaifiyarka ka tsince ta. Yadda kake riƙe fartanya na kakanka ne, saurin fushin nan kuwa duk gidanmu mun san inda ka gado shi. Zama da maɗaukin kanwa ke kawo farin kai. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai, wanda ya gina kansa da kansa, shi ne babu shi. Mu Musulmi dai mun yi imani akwai ruhi, kuma Suratul Isra'i, aya ta 85, ta ce ruhi daga al'amarin Ubangiji yake, ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Wayoyin da aka manna a fatar kai ba su isa can ba.

Malaman Musulunci sun taɓa wannan magana kuwa?

Tun ƙarni na farko da na biyu bayan hijira. Jabriyya, mabiya Jahmu ɗan Safwan, suka ce bawa tilasta masa ake yi, kamar gashin tsuntsu a iska. Ƙadariyya da Mu'utazila suka ce bawa ne ke halittar aikinsa. Imam Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a shekara ta 324 bayan hijira, ya bi tsakiya: Allah ke halittar aiki, bawa kuma yana da kasbu, wato shi ya nufi aikin ya ɗauke shi, don haka shi za a tambaya. Ƙarshen Suratut Takwir ya haɗa biyun: shiriya ga wanda ya so daga cikinku, kuma ba za ku so ba sai Allah ya so.

Ba sai ka yi zurfin karatu ba. Ka tuna daminar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai, hannunka na karkarwa, kofi na zubewa. Ka tuna ranar da ka ɗaga hannun nan za ka mari ƙaninka, ka sauke. Hannu ɗaya ne, amma kai ka san bambancin.

Idan halina gado ne, me ya sa za a kama ni da laifi?

Ana kama ka ne gwargwadon ikon da kake da shi. Shi ya sa hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci, yaro, da wanda hankalinsa ya gushe. Gado yana sa hanya ta yi wa wani tsauri fiye da wani, bai toshe ta ba.

In an riga an rubuta komai, wahalar me nake yi?

Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya ji labarin annoba ta ɓarke, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya kawo misalin mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kiwata, da ƙaddarar Allah ya kiwata.

Ambaliyar 2022 ta koya mini wannan a aikace. Da ruwa ya fara taɓa gonakin bakin kogi, wani maƙwabcina ya ɗaura shanu a amalanke cikin dare, ya kwashe hatsinsa zuwa tudu. Wani kuma ya bar nasa a rumbu, ruwa ya ci gindin rumbun, ya zube. Da safe na ji ana cewa sakaci ne, har ni na faɗa. Daga baya na ji ba shi da amalanke, matarsa tana naƙuda a daren, ya aika aro gida biyu bai samu ba. Na ji kunyar bakina ƙwarai. Mai amalanken bai yi wa kowa wa'azi ba. Da ruwa ya janye, ya ɗora dami biyar, ya kai ƙofar gidan mutumin, ya ce na suna ne.