Kiran aiki tsakanin harsunan manhaja

Kiran aiki tsakanin harsunan manhaja shi ne yadda shirin da aka rubuta da wani harshe ke sa wani ƙaramin aiki na harshe dabam ya gudana, ya miƙa masa bayanai, ya karɓi sakamako. Dole ɓangarorin biyu su yi ittifaƙi kan abu uku: sunan aikin, inda za a ajiye bayanan, da wanda zai share wurin bayan an gama.

Tarihi

Galibi ana danganta dabarar ƙaramin aiki da David Wheeler, wanda ya yi aiki da kwamfutar EDSAC a Kambirij wajen 1949. Harshen Fortran II ya zo da umarnin CALL, na kiran aiki, a 1958. Al'adar Fortran ita ce miƙa adireshin bayani a ma'adana, don haka aikin da aka kira na iya sauya abin mai kira. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro wajen 1972, kwafi yake miƙawa. Wannan ɗaya ne daga cikin saɓanin da ke tsakanin harsunan biyu.

Rubutu ma haka. C na rufe shi da sifili, tsohon Pascal na sa tsawonsa a gaba cikin ɗan ƙaramin gurbi, shi ya sa ba ya wuce harafi 255, Fortran kuwa yakan aika tsawon a ɓoye. Jadawalin lambobi ya fi cin mutane: Fortran na jera shi a tsaye, yana ƙirga daga 1, C na jerawa a kwance daga 0. Wanda ya manta, sai ya ga lissafi ya fito a birkice ba tare da wani gargaɗi ba.

A tsarin kira na C mai suna cdecl, mai kira ne ke share tarin bayanan da aka miƙa; a tsarin stdcall na Windows wanda aka kira ne. Har sunan aiki kan sauya: gfortran, manhajar da ke fassara Fortran zuwa harshen na'ura, na ƙara ɗan layi a ƙarshensa. Sai a Fortran 2003 aka samu daidaitacciyar hanyar haɗuwa da C.

Amfani a yau

Kusan kowane harshe ta ƙofar C yake bi: Java ta hanyar haɗi mai suna JNI, Python ta ctypes. Manyan manhajojin hasashen yanayi, fannin da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD ke aiki a kai a Yamai, akasari da Fortran aka rubuta su, kuma ɗalibin da ya kira SciPy, tarin ayyukan lissafi na Python, yakan taɓa LAPACK, wani tarin irinsa na Fortran, ko bai sani ba.

Masana sun saɓa kan ko dogaro da C har yanzu alheri ne.