Yafe harajin tsofaffin motoci a Birtaniya

Yafe harajin tsofaffin motoci tsari ne da Birtaniya ke ɗauke wa abin hawan da ya haura shekara 40 da ƙerawa harajin shekara-shekara da ake biya kafin a hau titi. Dokar ƙasar tana kiran irin waɗannan "ababen hawa na tarihi", kuma babura da manyan motoci na cikin lissafin. An fara tsarin a 1995, an daskarar da shi a 1998, aka sake buɗe shi a 2014, kuma duk sauyin ya biyo bayan wanda ke riƙe da ma'aikatar kuɗi ne.

Harajin kansa

Jama'a na ce masa harajin hanya, amma sunan ya daɗe da rabuwa da gaskiya. Dokar 1920 ta kafa asusun hanyoyi, inda ake zuba kuɗin da masu mota suka biya don gina tituna, kuma daga 1921 aka fara manna zagayayyar takardar shaidar biya a gilashin gaba. Winston Churchill, lokacin yana ministan kuɗi, ya riƙa ɗibar kuɗin asusun yana wasu ayyuka da su, daga 1937 kuwa harajin ya koma shiga baitulmali kai tsaye. Takardar gilashin ma an daina amfani da ita a Oktoban 2014. Hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, DVLA, da ke Swansea ce ke karɓar harajin.

Yadda ake samun yafiyar

Ba ranar da mota ta cika shekara 40 ake yafe mata ba. Ranar 1 ga Afrilun kowace shekara ake matsar da iyakar: a Afrilun 2025 aka shigar da duk motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairun 1985. Mai motar ne zai nema da kansa, ya kai takardar rajistar motar, wadda ake kira V5C, gidan waya a sauya mata aji zuwa na tarihi. Bayan haka ma dole ya riƙa sabunta harajin duk shekara, sai dai ba ya biyan ko kwabo. Motar da ake haya ko kasuwanci da ita ba ta cikin tsarin.

Tarihin ja-in-ja

Kenneth Clarke, ministan kuɗi a gwamnatin John Major ta jam'iyyar Conservative, shi ya sanar da yafiyar a kasafin Nuwamban 1995. Sharaɗinsa shekara 25 ne, kuma iyakar tana tafiya da shekaru, duk shekara sabon rukunin motoci na shiga. Tsarin bai yi nisa ba jam'iyyar Labour ta ci zaɓen Mayun 1997. A kasafin 1998 sabon ministan kuɗi Gordon Brown ya tsayar da iyakar cak a 1 ga Janairun 1973. Wanda ya riga ya shiga ya sha, wanda bai shiga ba an rufe masa ƙofa.

Wannan rana ta raba kasuwar tsofaffin motoci gida biyu na tsawon shekaru. A ɗauki MGB, ƙaramar motar nan mai kujera biyu da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980. Wadda ta fito daga masana'antar Abingdon a Disamban 1972 da wadda ta fito a Janairun 1973 kusan ba su da bambanci, inji ɗaya, jiki ɗaya, amma ɗaya kyauta take hawa titi, ɗayar kuma mai ita na biya duk shekara. Tallan motoci ya cika da kalmar "babu haraji", kuma masu saye suna ƙara kuɗi a kanta. Da yake ranar ƙerawa doka ke dubawa, mai motar da aka yi wa rajista a farkon 1973 yakan rubuta wa ma'ajiyar tarihin motoci da ke Gaydon a binciko masa kundin masana'anta, ko Allah zai sa an haɗa ta kafin shekara ta ƙare.

Iyakar ba ta motsa ba sai da George Osborne na Conservative ya zama ministan kuɗi. A kasafin 2013 ya ƙara shekara ɗaya, zuwa 1 ga Janairun 1974, sannan a kasafin Maris 2014 ya maido da iyaka mai tafiya, amma a shekara 40. Masu tsofaffin motoci sun yi murna, ko da yake abin da aka ba su bai kai na Clarke ba: da an bar tsarin 1995 yadda yake, da motocin ƙarshen shekarun 1980 sun riga sun shiga a lokacin.

Su wa ke matsa lamba

Ƙungiyar FBHVC, wadda aka kafa a 1988 ta haɗa ɗaruruwan kulob-kulob na masu tsofaffin motoci, ita ce babbar muryarsu. A majalisar dokoki kuma akwai rukunin 'yan majalisa na jam'iyyu daban-daban da ke kare muradunsu, wanda Sir Greg Knight na Conservative ya daɗe yana shugabanta. Hujjarsu biyu ce. Ta farko, motocin ba sa yawo: binciken ƙungiyar na 2020 ya ce matsakaicin tafiyar kowace a shekara mil 1,200 ne, don haka hayaƙinsu kaɗan ne. Ta biyu, sana'ar gyara da sayar da su na juya fam biliyan 7.2 a shekara tare da ɗaukar ma'aikata kimanin 34,000. Alƙaluman na ƙungiyar da ke neman yafiyar ne, kuma tana ƙirga mota a matsayin ta tarihi tun daga shekara 30, sai a karanta su da wannan a rai.

Masu suka sun fi kallon wanda ke amfana. Mai Jaguar E-Type da ke ajiye a gareji, ana fito da ita ranar Lahadi idan rana ta haska, ba ya biyan komai. Ma'aikacin da ke zuwa aiki kullum da motar 1999, don ba shi da kuɗin sabuwa, ana cajinsa bisa girman inji, kuma idan injin ya wuce cc 1549 kuɗin ya haura fam 300 a shekara. Daga Afrilun 2025 motoci masu lantarki ma sun fara biyan harajin, bisa shawarar da ministan kuɗi na lokacin, Jeremy Hunt, ya sanar a 2022, sai ga shi motar da ba ta fitar da hayaƙi tana biya, tsohuwa mai shan fetur kuwa an ɗauke mata. Wannan suka na da ƙarfi, kuma amsar da ake bayarwa, cewa yawancin masu tsofaffin motoci ba attajirai ba ne, ba ta warware ta ba. Abin da ya tsare tsarin shi ne kuɗin da baitulmali ke rasawa ƙalilan ne, masu cin moriyar kuwa sun haɗa kai, sun kuma san ƙofar 'yan majalisarsu.

Abin da ya rataya a kan iyakar

Shekara 40 ta zama ma'auni a wasu dokokin. Daga 20 ga Mayun 2018 aka ɗauke wa irin waɗannan motoci gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, in dai ba a yi musu babban sauyi cikin shekara 30 da suka wuce ba. A da sai motocin kafin 1960 ke da wannan sassauci. Abin mamaki, yawancin waɗanda suka ba da ra'ayi lokacin tuntuɓar jama'a ba su goyi bayan ɗauke gwajin ba, gwamnati ta zartar duk da haka. A Landan, inda magajin gari Sadiq Khan ya faɗaɗa yankin taƙaita hayaƙin mota, wato ULEZ, zuwa dukkan birnin a Agustan 2023, motar ajin tarihi ba ta biyan fam 12.50 na kullum da ake cajin motoci masu yawan hayaƙi. Motar 1990 tana biya.

Wasu ƙasashen Turai

Jamus ba ta yafewa gaba ɗaya. Tun 1997 motar da ta kai shekara 30 kuma take a kamanninta na asali na iya samun lamba mai harafin H, ta biya yuro 191.73 a shekara komai girman injinta. Ayilan ma shekara 30 take dubawa, da kuɗi kaɗan. Holan kuwa ta bi hanyar matsewa: yafiyarta a da daga shekara 25 take farawa, mutane suka riƙa shigo da tsofaffin motocin dizal suna zirga-zirgar yau da kullum da su, sai gwamnati ta ɗaga iyakar zuwa shekara 40 a 2014.