Rikiɗar launi mai hawa-hawa

Rikiɗar launi mai hawa-hawa salo ne na zane a kwamfuta da ake tashi daga wani launi zuwa wani ta ratsi-ratsi, kowane ratsi da launinsa guda da iyakarsa a fili. A rikiɗar da aka saba gani, shuɗi kan narke cikin ja sannu a hankali, har ido ya kasa cewa ga inda wannan ya ƙare, ga inda wancan ya fara. A mai hawa-hawa kuwa ana iya ƙirga matakan da yatsa. Waccan gangare ce, wannan matakala. Ana yawan ganinta a fosta, tambari, taswirar tsayin ƙasa ko ta zafin yanayi, da sararin samaniya a wasannin kwamfuta masu salon da.

Tushenta

Kwamfuta ba ta san gangare ba, matakala kawai ta sani. A hoton allo launuka uku ake haɗawa: ja, kore da shuɗi. Idan hoton mai bit 8 ne, kowane ɗayansu yana da mataki 256, daga 0 zuwa 255, wato launi 16,777,216 ke nan gaba ɗaya. Abin da muke gani kamar santsi, matakai ne ƙanana ƙwarai da suka fi ƙarfin ido. Shi ya sa ratsin kan fito ko ba a neme shi ba: in aka shimfiɗa ruwan toka daga 40 zuwa 60 a faɗin fiksel 2,000 (fiksel shi ne ɗigo mafi ƙanƙanta a hoton allo), mataki 21 kaɗai ake da shi, kowanne ya kusa fiksel 100. A nan aibi ne, kuma ana maganinsa da aiki a bit 16, mai mataki 65,536, ko da yayyafa ɗige-ɗige a kan iyakokin, irin dabarar da masana kwamfuta Floyd da Steinberg suka wallafa a 1976. Mai yin hawa-hawa da gangan abin nan da ake gudu shi yake nema, sai dai shi ke yanke yawan ratsin da faɗinsa da launinsa.

Ido ma yana ƙara nasa. Inda ratsi biyu suka haɗu, gefen mai haske kan zama kamar ya ƙara haske, mai duhu ya ƙara duhu, alhali lambar launin ba ta canja ba. Ernst Mach, masanin kimiyya ɗan Ostiriya, ya bayyana wannan ruɗin ido a 1865, kuma da sunansa ake kiransa har yau.

Hanyoyin yinta

Hanya mafi sauri ita ce umarnin Posterize, wanda ke cikin manhajojin gyaran hoto na Photoshop da GIMP. Ana zana rikiɗa mai santsi, sannan a rage yawan matakan. In aka zaɓi 4, duk wata lamba za ta koma 0, 85, 170 ko 255.

A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Umarnin ba ya duban launi a dunƙule. Ja daban yake yanka, kore daban, shuɗi daban. Tunda ukun ba sa tsallaka mataki a wuri ɗaya, wanda ya nemi ratsi huɗu daga ruwan lemo zuwa shunayya sai ya tarar da fiye da haka, faɗinsu bai daidaita ba, ga wani launi da bai gayyata ba ya kutso tsakiya. Mataki 4 a kowane launi na iya haifar da launi har 64. Maganin shi ne a fara da baƙi zuwa fari, a yanka shi hawa-hawa, sannan a tufatar da shi da launi ta Gradient Map, umarnin da ke ba kowane matakin haske launin da aka zaɓa masa. A haka ratsi shida aka nema, shida za a samu. Akwai kuma wani ɗan abu da ya kamata a lura da shi: a GIMP, da yake kowace lamba tana komawa matakin da ya fi kusa da ita, ratsin farko da na ƙarshe kan fito kusan rabin faɗin sauran.

Hanya ta biyu, wadda ta fi tsabta nesa ba kusa ba, ita ce a gina matakalar a cikin rikiɗar kanta. Kowace rikiɗa tana da zango-zango, wato wuraren da aka kafa launi a kan layinta. In aka ɗora zango biyu masu launi daban a wuri guda, ba sauran filin narkewa, sai launin ya yi tsalle. Ratsi biyar daidai wa daida na buƙatar iyaka a kashi 20, 40, 60 da 80 cikin ɗari. Haka ake yi a Photoshop da manhajar zane ta Inkscape, haka kuma a CSS, harshen tsara kamannin shafukan intanet. Jerin GIMP 2.10, da ya fara fita a 2018, ya zo da zaɓin Step da ke yin wannan tsallen kai tsaye. Wannan hanya ta biyu ta fi cin lokaci, amma ana iya dawowa gobe a matsar da iyaka ɗaya ko a sauya launi ɗaya ba tare da an taɓa saura ba. A manhajar zane ta Illustrator kuma kayan aikin Blend na karɓar adadin matakai tsakanin siffa biyu.

Baki da ajiya

Ratsin da ke tsaye ko kwance ba shi da matsala. Na karkace da na da'ira su ke fitowa da baki kamar haƙoran zarto, musamman bayan Posterize. Ana rage wannan ta zana hoton a ninkin girmansa, sannan a ƙanƙance shi.

Wajen ajiya, a cikin nau'o'in fayil ɗin hoto, PNG ya fi dacewa, domin ba ya zubar da komai kuma yana matse fili mai launi ɗaya sosai. GIF ma ya isa in launukan ba su wuce 256 ba. JPEG kuwa yakan bar dauɗa a gefen kowace iyaka mai kaifi, tunda don hoton kyamara aka ƙera shi.